Sha Biyu Bisa Sha Shida

Kwana tara da binne ƙanena na koma makaranta. Kwalekwale ne ya kife da su a hanyar gonar shinkafarmu, shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya shanye fadama. Shugaban makaranta ya ce in ƙara hutawa. Na ce masa babu abin da nake yi a gida sai zama.

Ina koyar da lissafi a aji biyu na babbar sakandare. Na buɗe littafi, na tarar darasin da ke gabanmu yiwuwa mai sharaɗi ne, wato yadda lissafin yiwuwar abu yake canzawa idan an riga an san wani abu game da shi. Misalin littafin na ƙwallaye ne a cikin jaka. Na rubuta rabinsa a allo, na ga ba zan iya ƙarasawa ba, na goge.

"Ku nawa ne yau?" na tambaya.

Suka ƙirga, su arba'in.

"Wanda ruwa ya cinye gonar gidansu ya ɗaga hannu."

Hannu sha huɗu. Ban yi tunanin ko tambayar za ta yi musu ciwo ba. Lambobi kawai nake nema. Na ce idan na rufe ido na nuna mutum ɗaya, yiwuwar in nuna wanda ya yi asara sha huɗu ce bisa arba'in.

Sai na ce waɗanda gonarsu ke fadama su miƙe. Mutum sha shida suka miƙe. A cikinsu sha biyu ne suka yi asara.

"To yanzu an gaya mini wanda na nuna ɗan fadama ne. Waɗanda ke zaune sun fita daga lissafi. Lambar ƙasa ba arba'in ba ce kuma, sha shida ce. Sha biyu bisa sha shida, uku bisa huɗu ke nan."

Ina jin muryata kamar ta wani a rediyo.

Wata ɗaliba da ta zo daga Miga, wadda ba ta cika magana ba, tana cikin na tsaye. Ta ce, "Malam, idan kuma asarar aka fara sani, ake tambaya ko ɗan fadama ne?"

"Ke faɗa."

Ta ƙirga tana motsa leɓe. "Sha biyu bisa sha huɗu."

"Daidai. Ba tambaya ɗaya ba ce, kada ku haɗa su a jarrabawa."

Shekara uku ina koyar da wannan darasi, ba a taɓa gane shi da sauri haka ba. Na lura da hakan, ban ji komai ba. Sai da aka kaɗa ƙararrawa na ga ashe ban ce wa na tsayen su zauna ba.

A bakin ƙofa ɗalibar ta rusuna ta ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa."

Na ce amin, na tuna mata aikin gida.

Da na isa gida Inna tana tsakar gida tana tsince wake. Ta tambaye ni ya yara. Na ce lafiya lau. Na jawo kujera kusa da ita, ta turo mini faifan, muka ci gaba da tsincewa har aka kira la'asar.