Inda na nuna wa ƙanena

Bazarar da aka ja mana wutar lantarki a unguwarmu ta Awali ce, shekara biyu da rasuwar maigidana. Ƙanena ya aiko daga Yanbu, can bakin teku, wai ya gama gyaran sambuk ɗinsa, jirgin katako mai ƙyalle, in zo mu fita tare.

Rabona da teku tun ina 'yar shekara tara, da muka ƙetaro daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin. A wannan ƙetarawar Innarmu ta rasu, aka yi mata salla a cikin jirgi, aka saukar da ita ruwa. Ƙanen nawa yana goye a bayana, bai san fuskarta ba. Ni kuwa duk zaman da aka yi sai na ba da labarin, har in ce ko yau aka kai ni zan nuna wurin. Na iya labari, wannan kowa ya shaida.

Muka fita da hantsi, tare da mutum biyu masu ja masa igiya. Na ɗauka zan yi kuka, ko in ji tsoro. Ban ji komai ba. Warin kifi, zafin katako a tafin ƙafa, shi ke nan. Na kwance ƙullin dabinona ina ci.

"Yaya, kin zo ziyara ko kin zo cin dabino?" in ji shi.

"Ja igiyarka, ɗan nema. Ni na goye ka."

Ya yi dariya. Da gari ya ɓace mana sai ya sassauta ƙyallen, ya zo ya tsuguna gabana.

"To Yaya, ta ina ne?"

A maƙabartar Baƙi'a mun san bangon da ake tsayawa a yi wa mamata sallama. Nan ruwa ne gaba, ruwa baya. Hanyar Jidda ma muka bi wancan karon, ba wannan ba. Na sani sarai.

Na ɗaga hannu na nuna kudu.

Ya fuskanci wurin ya yi sallama, ya daɗe yana addu'a, gemunsa ya jiƙe. Ni ina juya ƙwallon dabino a baki, ina jira ya gama.

Duk bazara bayan nan sai ya tsayar da jirgi a wurin, har ƙarfinsa ya ƙare. Ban taɓa gaya masa ba.

Ya rasu. Mutum biyun da ke ja masa igiya sun rasu. Saura matarsa a unguwar Sultana, ba ta ji sosai, sai ni.