Kafaɗar Malam Sale Sahu

A Tudun Ƙofa idan ka ce Malam Sale za a tambaye ka wanne, don suna da yawa. Amma ka ce Sale Sahu, ko baƙon jiya zai nuna maka gidansa. A masallacin unguwa ya samo sunan. Shi ba liman ba, ba ladan ba, babu wanda ya naɗa shi komai, shi ya naɗa kansa. Da an tayar da iƙama, kafin liman ya rufe baki da cewa a daidaita sahu, Malam Sale ya sunkuyar da kai yana bin yatsun ƙafafun bayin Allah da ido. Ya ja rigar wannan, ya tura ƙirjin wancan.

"Kai, matso gaba. Kai kuma ina za ka? Koma baya. Haba jama'a, sahu ne wannan ko layin gidan mai?"

Wanda ya fi kowa shan wahalarsa shi ne maƙwabcinsa Abubakar Sadik, tela, wanda Allah ya jarraba da tsayawa a hagunsa. A ganin Malam Sale, kullum Sadik a baya yake. Kullum sai ya kama hannun rigarsa ya jawo shi gaba, na damansa kuma ya tura shi baya. Sadik mutum ne mai haƙuri kamar me, bai taɓa cewa uffan ba, sai dai ya matso. Duk da haka sahun farko na masallacin nan bai taɓa miƙewa ba, kullum a karkace yake daga tsakiya. Malam Sale yakan ce mutanen Keffi ba su da gyara.

Akawu ne a wata ma'aikata a Abuja, amma bai taɓa tarewa can ba. Shekara ashirin da ɗoriya yana jeka-ka-dawo a ƙananan motocin haya, kuma abin alfaharinsa shi ne bai taɓa zama a baya ba. Gidan gaba yake shiga, inda ake cusa mutum biyu a kujera ɗaya, kuma shi ke shigewa ciki kusa da direba, wai na bakin ƙofa rana ke duka. To ka san zaman wurin: mazauni ɗaya a kujera, ɗaya a iska, gwiwoyi a ture dama don kada giya ta doke su, kafaɗar hagu ta leƙa gaba. A haka yake cin cunkoson Mararaba safe da yamma, yana karanta jarida, yana jin kansa babban mutum.

Bai daɗe da yin ritaya ba jiki ya zo karɓar hakkinsa. Wata la'asar ya tafi sujada sai bayansa ya riƙe, ya kasa gaba ya kasa baya. Cak aka ɗauke shi aka kai gida kamar buhun doya. Likita ya ce ƙashin baya da gwiwa sun gaji, ya koma salla a kujera. Liman ya zo dubiya, ya kwantar masa da hankali cewa addini ya yi sauƙi, ladansa cikakke ne. Malam Sale ya san haka, shi kansa ya sha faɗa wa wasu. Bai san faɗar ta fi yin sauƙi ba sai da aka ajiye masa farar kujerar roba a ƙarshen sahu, jikin bango.

Rasa wurinsa na bayan liman ya yi masa ciwo, amma ba shi ne ke hana shi cin tuwo ba. Goshinsa ne ya daina taɓa ƙasa. Kowa ya faɗi sujada, shi sai ya ɗan rusuna a iska kamar mai gaida surukai. Matarsa, wadda har ta yi jikoki ana ce mata Amarya, ta kama shi wata safiya gaban madubi yana shafa tabon sallar goshinsa.

"Malam, lafiya?"

"Dushewa yake yi," in ji shi. "Wallahi Amarya tsoro nake ji, kada in koma ga Allah goshin nan bai sake taɓa ƙasa ba."

Abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya masa rai. Daga kan kujerarsa yana hango sahun farko tun daga wannan bango har wancan, ya miƙe samɓal kamar an ja igiya. Ya dawo gida yana murmushi ya ce wa Amarya tarbiyyarsa ce ta kama mutane a ƙarshe.

Autarsa Hamdiya, da ke karatu a jami'ar garin, ita ta kawo maganar. Ta ce akwai wani Malam Yosiya a unguwar Yara da ke koyar da yoga, maza ranar Asabar da safe, mata kuma matarsa Susana ke koya musu a wani lokacin daban.

"Yoga? Abin nan na Indiyawa da ake rataya ƙafa a wuya? Ni da ko butar alwala ba na iya ɗauka daga ƙasa?"

"Baba, har waɗanda suka girme ka suna zuwa."

"Man zafi dai ka shafa har kuliyar gidan nan ta daina kusantarka," in ji Amarya. "Ka je ka gani mana."

Ya je, amma a cikin babbar riga da hula ƙube, don duk wanda ya gan shi a keke-napep ya ɗauka ɗaurin aure za shi. A ƙarƙashin rigar kuwa wandon motsa jiki ne da Hamdiya ta sayo masa. A zauren wata makarantar firamare ake yi, an ture bencina gefe. Ya tarar da ɗaliban jami'a masu naɗewa kamar tabarma, da wani ɗan acaba, da wani tsohon hedimasta mai suna Baba Zakka, wanda ya ba shi shekaru masu yawa. Tsayuwa iri ɗaya kowa yake yi, sai dai wani da hannu a ƙasa, wani a kan guntun katako, Baba Zakka a kan kujera.

Yosiya ɗan ƙabilar Eggon ne, siriri, ya yi aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti kafin ya koyo wannan sana'a. Malam Sale ya ja shi gefe tun kafin ya cire takalmi.

"Ɗana, ka faɗa mini gaskiya. Babu bautar wani abu a ciki?"

"Baba, ni gobe ina coci, kai kana masallaci anjima. A nan ƙashi ne da jijiya da numfashi. Me kake so jikinka ya iya?"

"Sujada."

Yosiya bai yi dariya ba. Ya ce to, a fara da tsayuwa. Malam Sale ya ji abin ya zo gidan sauƙi. Tsayuwa? Shi za a koya wa tsayuwa? Ya tuɓe babbar riga, ya je kan layin alli da aka ja a ƙasa, ya miƙe, ya ɗaga haɓa, ya tsaya irin tsayuwar da yake so mutanen Tudun Ƙofa su koya.

"Ka miƙe ke nan, Baba?"

"Kamar sanda."

Yosiya ya zagaya shi yana kallon ƙafafunsa, irin kallon nan da Malam Sale ya sani sarai, don shi ne mai shi. Sannan ya ɗauke shi hoto da waya, ta gaba da ta gefe, ya miƙa masa. Malam Sale ya daɗe yana dubawa. Wani tsoho ya gani a murɗe, ƙafar dama ta kalli waje, ƙugu ya zame gefe, kafaɗar hagu ta wuce gaba kamar tana sauri ta riga shi isa Abuja.

"Wayarka ce a karkace," in ji shi.

Yosiya ya durƙusa ya juya masa babban yatsan ƙafa, ya ce ya raba nauyinsa a diddige biyu, ya dafa ƙugunsa ya mayar tsakiya, ya ja kafaɗar hagu baya a hankali.

"Kai, kai, yaro, ka karkatar da ni! Faɗuwa zan yi!"

"Yanzu ne ka miƙe, Baba. Jikinka ya saba da karkace, shi ya sa daidai yake yi maka kamar kuskure."

Aka sake ɗaukar hoto. Mutumin da ke ciki a miƙe yake, ba gardama. A nan tsaye kan layin alli, cikin wandon da bai kai idon sawu ba, lissafi ya zo wa Malam Sale. Idan kafaɗarsa ta hagu tana gaba, duk wanda ya tsaya a hagunsa dole Malam Sale ya gan shi a baya. Na dama kuma ya gan shi a gaba. Ya tuna Sadik da hannun rigarsa. Ya tuna sahun da ya miƙe samɓal tun ranar da aka kai shi jikin bango. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi.

"Innalillahi," ya ce. "Ashe ni ne kwanar."

Baba Zakka ya tambaye shi kwanar ina. Da ya ba su labari, tsohon ya yi dariya har ya saki kujerarsa, sai da aka riƙe shi.

Daga ranar Malam Sale ya zama ɗalibi, kuma ba ɗalibi mai kai ba, shi da bakinsa yake faɗa. A ce ɗaga hannun dama ya ɗaga hagu. A ce ja numfashi ya riƙe shi har idanunsa su fito. Yosiya kuwa ba ya barin ko yatsa ɗaya ya wuce, kullum "Baba, diddige," "Baba, kafaɗa." Wata rana haushi ya kama Malam Sale ya ce, "Wai kai ba ka gajiya da sa wa mutane ido?" Bai rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa, ya mayar da kafaɗarsa baya.

Sujadar kuwa a hankali suka gina ta. Yosiya ya sa masa bargo a bayan gwiwa, ya jera katakai a gabansa har kusan tsayin kujera, ya ce ya ɗora goshi a kai. Idan baya ya saki, a cire ɗaya. Akwai lokacin da Malam Sale ya yi gaggawa ya cire biyu da kansa a gida, ya kwanta jinya, aka mayar da uku. Tun farkon damina ake abu ɗaya, har aka fara cin sabuwar doya, har aka girbe gyaɗa. Babbar rigar ma ya daina sakawa, don mai keken ya riga ya tambaye shi wane irin aure ne ake ɗaurawa kowace Asabar a makarantar firamare.

Ranar da katako na ƙarshe ya tafi, Yosiya ya ce, "Baba, sauran ba a nan za ka yi ba."

Da la'asar Malam Sale ya shiga masallaci ya wuce farar kujerar bai kalle ta ba. Mutane suka bi shi da ido. Sadik ne yanzu a bayan liman, yana ganinsa ya matsa hagu ya bar masa wurinsa na da. Aka tayar da iƙama, liman ya ce a daidaita sahu. Kan Malam Sale ya fara sunkuyawa da kansa zuwa ƙafafun mutane, ya yi maza ya mayar da idonsa kan nasa. Sannan ya karkata ya raɗa wa telan:

"Malam Sadik, duba ni. Na daidaita?"

Sadik ya zaro ido, ya ɗauka gatse ne. Da ya ga da gaske ake, sai ya sa yatsu biyu ya kama hannun rigar Malam Sale.

"Ɗan ja baya kaɗan, Malam."

Ya ja baya.

Aka kabbara. Ruku'u ya zo lafiya. Da liman ya tafi sujada, Malam Sale ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ɗayar, ya dafa tafukansa. Ya saki bayansa yadda aka koya masa, ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya ji sanyin tabarma a goshinsa da ƙanshin kabar nan da ya manta. Ya fara tasbihi. Hawaye suka gangaro ta gefen hancinsa suka jiƙa tabarmar.

Liman ya yi kabbara ya ɗago, sahu duka ya zauna. Malam Sale bai iya rabuwa da ƙasar nan da wuri ba. Daga wannan bango zuwa wancan kowa a zaune yake, an jeru samɓal, in ban da wuri ɗaya a tsakiya, daidai bayan liman, inda tsoho ɗaya ke kife kafaɗunsa na rawa. Sahun ya sake lalacewa, kuma a wurin da ya saba lalacewa. Liman ya ja zaman nan fiye da yadda ya saba, har sai da ya ji tsohon ya ɗago.