Layi huɗu na Kaka

Shekarar da gari ya rikice da zanga-zanga, sojoji suka tsare yayana a Dapaong. Direban babbar mota ne, albasa ya je ɗaukowa, aka kwashe shi a tasha tare da masu jifa. Mu muna zongon Sokodé. An yarda a rubuta masa, amma da Faransanci, takarda ɗaya tak, ambulan a buɗe. Ni ce mai boko a gidan, aikin ya faɗo kaina.

Inna ba ta fara wasiƙa sai ta jera mutanen gida kaf, kowa da gaisuwarsa. Ta Kaka ta fi cin wuri, don addu'a take haɗawa, layi huɗu cur. A wasiƙa ta uku na gaji, na tsallake ta, na sa labarin cewa mai mota ya karɓo motarsa. Ban gaya wa kowa ba.

Na manta cewa a gidanmu ba a aika wa wanda ke cikin wahala labarin mutuwa. Sunan mamacin kawai ake daina sakawa, shi ya gane.

An tare hanya, amsa ta yi sati biyar kafin wani direba ya kawo. Na buɗe a tsakar gida ina fassarawa, sai na ji bakina yana karanta ta'aziyya. Wai ya tara 'yan ɗakinsu sun yi wa Kaka addu'a, ya ba da abincinsa na kwana uku sadaka. Dole na faɗi abin da na yi, Kaka na zaune tana ɓarar gyaɗa.

Ta ce, “Ke 'yar boko, kashe ni kika yi don ki sa mota?”

Na ce, “Takardar ce ba ta isa ba, Kaka.”

“To ki rage girman rubutunki, ba nawa ba.”

Muka gyara, yayana ya sake jiran sati biyar kafin ya san tana raye.

Da damina Kaka ta rasu da gaske. Bayan addu'ar bakwai Inna ta miƙo mini biro. Da muka iso gurbin Kaka na tsaya.

Inna ta ce, “Sa ta.”

“Inna, ƙarya ce fa.”

“Ya yi kukanta sau ɗaya da yunwa. Ba zai yi na biyu a can ba. Sa ta.”

Na rubuta addu'ar daga kaina, na riga na haddace. Layi huɗu a kowace wasiƙa, har ranar da aka sako shi.