Cikar Teku a Lungu na Biyu

Akwai dattawa a majalisarmu ta Fort Washington, a nan Amurka, da har yau suke cewa na zubar da girmana. Su yi ta faɗi. Ni na san abin da na yi, kuma ga yadda aka yi.

Ni ɗan bakin kogi ne. Mahaifina masunci ne a wani ƙauye kusa da Wudil, kafin in iya alwala na iya tuƙa kwalekwale. Boko kuwa a aji bakwai na tsaya. Saboda haka in ana maganar takarda nakan ja bakina, amma in aka zo maganar ruwa ba na saurarar kowa.

Tasi nake tuƙawa a Washington, muna zaune a garin Clinton ni da maiɗakina da 'yarmu guda ɗaya, wadda muka kawo ƙasar nan tana 'yar shekara huɗu. Yarinya ce mai surutu. Kullum in na dawo aiki sai ta zauna a hannun kujera ta zayyane mini duk abin da ya faru a makaranta, rabi da Hausa rabi da Turanci, har sai uwarta ta kore ta.

Tana da shekara goma sha shida, a farkon shekarun dubu biyu, yayan maiɗakina ya zo daga Kano ganin likitan ido, ya sauka a gidanmu. Alhaji nake ce masa. Babban ɗan kasuwa ne, shi ya yi wa ƙanwarsa walicci, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana ganin ta fi ƙarfina ba. Na zaga da shi manyan gine-ginen gari, ya ce duk ya gani a talabijin. Sai yarinyar ta ce a kai Kawu bakin teku, akwai wata hanyar ƙafa a kudancin Maryland da makarantarsu ta taɓa kai su.

Tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota. Hanyar zagaye ce: ta tashi daga wurin ajiye motoci ta ratsa daji, ta haye fadama a kan gadar katako, ta sauka bakin ruwan Chesapeake, ta bi yashi ta wuce lungu uku inda ruwa ya shigo cikin ƙasa, sannan ta hau matakala ta koma inda aka fara. Tsakanin lungu na biyu da na uku akwai gaɓa mai tsayi ta jar ƙasa, tsaye kamar katangar birni. Ba inda za a bi sai siririn yashin da ke gindinta.

Tun a mota yarinyar ta fito da wata takarda mai lambobi. Ta ce lallai mu wuce gindin gaɓar nan kafin ƙarfe biyu, don bayan nan teku zai cika ya rufe hanyar. Na ce to, kamar yadda ake ce wa yara to.

A lungu na biyu muka shimfiɗa tabarma. Maiɗakina ta buɗe dafaduka da soyayyiyar kaza da zoɓo. Muka yi azahar a kan yashi. Alhaji ya cire hula, ya miƙe ƙafa, ya shiga ba da labarin tafiyarsa Legas a zamanin jirgin ƙasa. Tun zuwansa ban ga ya saki jiki haka ba. A tarbiyyar da aka yi mini ba a tayar da baƙo daga kan tabarma, balle suruki, balle wannan surukin.

Sau biyu yarinyar tana zuwa ta raɗa mini cewa lokaci na tafiya. A na uku Alhaji ya tambayi abin da take cewa. Na yi dariya na bayyana masa. Na ce ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama a can sama, kuma yana aiko da saƙo kafin ya iso: ya yi ja, ya ɗebo kara da ganye. Na nuna masa sama ba ko ɗigon gajimare, na nuna masa ruwa garau.

"Wato a Amurka takarda ce ke koya wa ɗan masunci halin ruwa?" in ji Alhaji.

Shekara ashirin ina jiran ya faɗi wani abu mai kama da yabo a kaina. Kaina ya kumbura.

"Baba, wannan ba kogi ba ne," in ji yarinyar.

"Ke, rufe mana baki."

Ba mu tashi ba sai da la'asar ta kusa. Da muka isa gindin gaɓar, yashin ya tafi, ruwa na dukan jar ƙasar. Yarinyar ta ce mu koma ta hanyar da muka zo, ko da ta fi nisa. Na ƙi, don komawa baya tamkar in ce ta fi ni gaskiya ne a gaban Alhaji. Na naɗe wando, na kama hannunsa, na shiga gaba.

Da farko iya gwiwa ne, can sai ga shi a ƙugu, iska na turo shi yana mangare mu. Ƙasan kuma yumɓu ne mai santsi, ba irin yashin kogin da ƙafata ta sani ba. Maiɗakina ba ta iya ruwa ba. Ta zame, ta faɗa kan wani kututturen itace da ke kwance a cikin ruwan, ta nutse. Yarinyar ce ta cafko ta, ta tallabe ta har lungu na uku. Ni ina can gaba riƙe da hannun baƙo. Ko da na waiwayo an riga an gama.

Wuyan hannunta ya karye. Muna shiga mota za mu asibiti, na juya na dubi yarinyar na ce ita ta kawo mu nan ta kashe uwarta. Na ce da ba ta ruɗe mu da takardarta ba da tuni mun wuce lafiya. A gaban Alhaji na faɗa. Ita kuwa tana riƙe da hannun uwarta a cinyarta.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma sai na mai da abin labari. Duk wata mukan taru a gidan wani likita a Fort Washington, dattawan Arewa, a ci tuwo a yi hira. A can na riƙa ba da labarin 'yar boko da ta kai iyayenta teku da takarda a hannu. Na iya ba da labari, kowane karo ina ƙara masa gishiri, ana ta ƙyaƙyatawa. Har ya zama in wani yaro ya yi wa ubansa gardama sai a ce a kai shi teku.

Ita kuwa ba ta taɓa ƙaryata ni ba. Ta gama karatu ta zama nas, ta auri wani injiniya ɗan Zariya, suka zauna a Greenbelt. Takan zo ta rusuna ta gaishe ni, ta duba mini hawan jini, ta jera mini magani. Hira ce dai babu. In na tambaye ta aiki ta ce lafiya, ta tashi ta shige wurin uwarta, in jiyo suna dariya a kicin. Shekara goma sha uku muna haka. Na riƙa gaya wa kaina girma ne ya zo mata.

Ranar sunan ɗanta na fari, falo cike da dangin mijinta, wani daga cikin 'yan majalisarmu ya ɗauko labarin nan don ya ba mutane dariya. Tana shigowa da tiren nama ta ji. Ta ajiye tiren a hankali, ta hau sama, ba ta sake saukowa ba har muka tafi.

A hanyar gida maiɗakina ta miƙo mini wuyan hannunta, wanda ya ɗan karkace tun daga ranar.

"Malam, kai ka karya wannan, ba ita ba. Na yi shiru saboda Yaya, ita ta yi shiru saboda ni. Ni dai na gaji."

Sati na zagayowa na ce zan koma bakin tekun nan. Lokacin na kusa saba'in, gwiwata ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, a kan kujera nake sallah. Maiɗakina ta ce in na faɗi a daji ba wanda zai ɗauko ni. Na ce a bar ni a can. Na ɗauki sanda na tafi ni kaɗai.

A lungu na biyu na yi abin da mahaifina kan yi in yana son sanin ko kogi na tasowa: na kafa kara a daidai inda ruwa ya tsaya, na koma gefe na zauna. Rana tsaye, sama tas. Wata shirwa na ta shawagi tana faɗawa ruwa tana ɗaukar kifi. Wasu Turawa biyu na duƙe suna tsintar haƙoran kifi da suka zama dutse. Ban yi awa ɗaya ba ruwa ya kewaye karan. Kafin in gama cin gurasar da na zo da ita ya kai rabinsa. Bai yi ja ba, bai ɗebo ko ganye ɗaya ba. A zuciyata na daɗe da sanin haka, amma sai ranar na yarda idona ya gani. Na juya na koma ta hanyar da na zo.

A taron majalisa na gaba, bayan an ci an wanke hannu, na ce ina da magana. Na gaya musu labarin da na shekara goma sha uku ina ba su ƙarya ne, yarinyar ce ta yi gaskiya, ni na kai su ruwa, kuma zan je in roƙe ta gafara.

Mai gidan ya ce subhanallahi, uba ba ya ba 'ya haƙuri da baki. In raina bai kwanta ba in saya mata sarƙa ko atamfa mai kyau in aika uwarta da ita, za ta gane. Wani malamin jami'a ya ce in na buɗe wannan ƙofar gobe 'ya'yansu duka za su zo da takardar ƙorafi. Wanda ya ba da labarin ranar suna ya ce Amurka ta gama cinye direba, saura ya fara wanke wa madam kwano.

Na ce kwano na daɗe ina wankewa, tun da hannunta ya karye. Na ce ba da atamfa na yi ƙaryar ba, da baki na yi ta, da baki zan janye ta. Sannan na tambaye su, su da suka tara digiri har ba wurin ratayewa, a cikinsu ba wanda ya san teku na cika yana janyewa kullum? Duk sun sani. Dariyar ce ta yi musu daɗi, ba su ga dalilin ɓata wa direba labarinsa ba.

Da kaina na kira ta a waya, ban aika uwarta ba. Na ce ina so ta raka ni hanyar nan, ita za ta zaɓi rana da lokaci. Ta ce Asabar, mu tashi ƙarfe takwas.

Ita ce a gaba, ni a baya da sandata. Ba mu yi magana ba sai in ta ce in kula da saiwa ko katakon da ya jiƙe. Da muka isa lungu na biyu na tsaya, na gaya mata duk abin da na gaya wa majalisa, na ƙara da wanda ban gaya musu ba, cewa hannun baƙo na riƙe na bar uwarta a baya. Na ce ta yafe mini.

Ta juyo ta dube ni.

"Ba mu biyu ba ne a motar nan ranar da ka ɗora mini laifi, Baba. A gaban Kawu ka faɗa."

Majalisa daban, Alhaji daban. Amma ban zo nan don in yi rabin aiki ba. Muka wuce gindin gaɓar a kan busasshen yashi mai faɗin da mota za ta bi, muka hau matakalar, ina hutawa duk bayan taka biyar. A sama waya ta kama. Na kira Kano, na buɗe muryar wayar don ta ji.

Alhaji ya tsufa, sai da na ɗaga murya. Muka gaisa, na tambayi iyali da kasuwa da jiki, na ga gaisuwar za ta ƙare ba inda zan ɓuya, sai na faɗa masa.

Ya yi tari, ya yi 'yar dariya.

"Ai na sani. Na zauna a Legas fa. Tun muna kan tabarma nake ganin ruwan na matsowa, na ce ba zan kunyata ka a gaban iyalinka ba."

Na ce to kunyarsa da tawa sun karya hannun ƙanwarsa, sun kuma ɗora wa yarinya laifi. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Sai ya ce in ba ta wayar. Ta karɓa ta matsa gefe. Ban ji abin da ya ce mata ba, na dai ji tana cewa to Kawu, to Kawu, tana share ido da bakin mayafi.

Daga nan zuwa mota akwai sauran tafiya a cikin daji, gwiwata kuma ta fara ƙara. Ta karɓi jakata ta rataya. Mun ɗan taɓa tafiya sai ta ce wai akwai wani tsoho a ɗakin marasa lafiya da take aiki, taurin kansa irin nawa ne sak, ya ɓoye maganinsa a cikin safa har kwana uku. Na tambaye ta yadda aka gano. Ta rage sauri ta dawo gefena, ta fara ba ni labarin tun daga farko.