Ga Malama A-Sake, Kwana Goma Sha Biyu Kafin Jarrabawa

Ranar Talata, tara ga watan nan, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ranki, Malama. Ba labari aka ba ni ba. Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin asibitin da kike kwance, da tsumman goge ƙasa a hannuna.

Shekara bakwai ina goge-goge a asibitin da kika yi aikin jinya har kika yi ritaya. Sau biyu na zauna jarrabawar shiga makarantar jinya, sau biyu na faɗi. Ranar faɗuwa ta biyu kika zo karɓar maganinki, kika tarar da ni ina kuka a bayan ɗakin wanki. Ba ki rarrashe ni ba. Cewa kika yi, "Kuka ba ya cikin abin da ake tambaya. Ki zo gida ran Asabar, ki taho da fensir."

Mu tara muke zama a garejin gidanki, da mai kitso, da mai ɗinki, duk mata ne da suka daɗe da barin aji. Allonmu tsohuwar ƙofa ce da maigidanki ya shafa wa baƙin fenti. Amsa ko daidai ce, in ba mu iya faɗin dalilinta ba, sai ki ce, "A sake." Har sunan ya bi ki, kina ji kina yi kamar ba ki ji ba.

Ni lissafi ne ya hana ni sakat. Wata rana kika tambaye ni murfi nawa na maganin kashe ƙwayoyin cuta nake zubawa a bokiti. Na faɗa. "A rabin bokiti fa?" Na faɗa. Kika ce, "To 'yata, shekara bakwai kina auna magani, ba dai a gaya miki ba ne."

Da ciwon zuciya ya kwantar da ke, a sashen da nake gogewa aka ba ki gado. Ranar Talatar nan na ga lambobin na'urar da ke kanki suna ta sauka. Ke kika koya mini ma'anarsu. Na ruga na kira ma'aikatan jinya, suka ja labule, aka ce in matsa da bokitina. Na matsa. Abin da kika koya mini ya isa in gane kina tafiya, bai isa in taɓa ki ba.

Jarrabawa saura kwana goma sha biyu, kuma bayan bana shekaruna za su wuce waɗanda makarantar ke ɗauka. Jiya mun taru, muka buɗe babin sinadarai da ba mu ƙarasa ba. Tambaya ta huɗu ta tsayar da mu. Mai kitso ta ce kaza ne, mai ɗinki ta ce a'a, muka yi ta kallon juna har la'asar, kowa ta ɗauki jakarta. Zan shiga ɗakin jarrabawar, Malama, amma ban san da me zan fito ba.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa kowane ciwo da kika wanke wa bawansa ya zama wankin kurakuranki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba maigidanki, da 'ya'yanki uku, da jikokinki. Allah ya ba su haƙuri, ya ɗan rage mana, mu tara da muka rasa wanda za mu tambaya.