Na yi kunyar 'yar fari, saura kaɗan a ƙwace ta

Shekarun baya, wajen goma sha uku ke nan, ni da matata mun cika shekara sha huɗu da aure babu haihuwa. Lokotoro mun gani, sassaƙe mun sha har harshe ya mutu. Daga baya na ce mata mu huta haka nan, na gaji.

Ƙanina yana noman lambu a Gidimuni, bakin tafki. Wata rana mun je gaisuwa, matarsa na da cikin na biyar, ta dubi matata ta ce, "Yaya, abin da ke cikin nan naku ne, mace ko namiji." Na ɗauka daɗin baki ne irin na mata. Ashe da gaske suke. Ranar da aka yaye yarinyar, ƙanina ya kawo ta Damagaram da kansa, da 'yar jakar kayanta da karne, ɗan littafin awonta na likita.

Matata ta goya ta tun a ƙofar gida. Ni kuwa na ce 'yar fari ce, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari: ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban mutane. Ni ma ɗan fari ne, har yau mahaifiyata "wancan" take ce mini. Sai na riƙe abin da ƙarfi. In yarinyar ta tako wajena, in miƙe in ce ana jira na a rumfata ta kasuwa. In zan yi maganarta, sai in ce "yarinyar nan".

Gaskiya ba kunya ce kaɗai ba. Tsoro nake ji. Hannuna na baduku ne, kaushi ko'ina, ban taɓa riƙe yaro ba. Kuma in ta dube ni, idon ƙanina nake gani. Ina gudun in saba da ita, wata rana a zo a ce a ba su abinsu.

Wata biyar muna haka. Goggonmu ta zo daga Gidimuni ganin lokotoron ido, ta kwana uku a gidana, ta koma ta faɗi abin da ta gani. Ranar Alhamis ina ɗinkin takalmi sai ga ƙanina tsaye a kaina.

Ya ce, "Yaya, na zo ɗaukar ta."

Na ce, "Ɗaukar wa?"

"Ka ji ka ko? Ko sunanta ba ka iya faɗi. An ce in ta zo kusa tashi kake kamar ka ga kunama. Uwarta kuka take tun da ta ji. Ba don ta yi mana yawa muka ba ku ba."

Muka tafi gida. Ya riga ya biya ta can, don mun tarar matata na ninke kayan yarinyar, hawaye na ɗiga a kansu. Ba ta dube ni ba. Mahaifiyata, da ke zama tare da mu, na zaune a tabarma tana gyaran zogale.

Na ce, "Ni fa kunya nake yi. 'Yar fari ce."

Ƙanina ya ce, "Kunya da furfura a gemu?"

Mahaifiyata ta ajiye faifai. Ba ni ta duba ba, shi ta duba, kamar kullum. Ta ce, "Gaya wa wancan, ni ma na yi kunyarsa. Amma tambaye shi wa ke ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin kwano. In mutane sun watse, a cinyar wa yake barci har ya yi wayo? Ya ga ta tsakar gida, bai ga ta cikin ɗaki ba. Kuma wanda ya haifa ko ya yi kunya an san nasa ne. Wannan da aka ba shi, da me za ta gane shi?"

Shekarata arba'in da biyar a lokacin, na tsaya kamar ɗan lekwal da bai yi aikin gida da malami ya ba shi ba. Na roƙi ƙanina ya ba ni wata ɗaya. Ya ce Alhamis huɗu, ba don ni ba, don matata.

Washegari na ɗauke ta zuwa rumfa. Ta yi ta tsala kuka tun daga gida har kasuwa, tana ture mini haɓa. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ce, "Malam, sato ta ka yi?" Na ba ta guntayen jar fata, ta watsar. Kwana shida haka. Ban fasa ba, don ban san wata dabara ba.

Rana ta bakwai na ce bari in yi mata takalmi. Na ɗora ƙafarta a kwali ina zagayawa da biro, biron ya shiga tsakanin yatsu, sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ta miƙo ɗaya ƙafar. Na zana. Ta sake miƙo ta farkon. Ƙafa goma sha ɗaya na zana ranar, ban ɗinka komai ba. A nan sunanta ya fita daga bakina, gaban mai rediyo da kowa, ta waiwayo.

Alhamis ta huɗu ƙanina ya tarar da ita a cinyata tana cin ƙosai, tana goge mai a rigata. Ya miƙa hannu, ta je, ta ja masa hula, ta dawo ta nuna masa takalminta ta ce, "Baba ya yi." Ya daɗe yana kallon takalmin. Ya ce ɗinkin ya karkace, ya tashi ya tafi tasha.

Kwanaki wani ya tambaye ni a nan rumfa kan masu zuwa ƙasar waje wata mace ta ɗaukar musu ciki, wai yaya za su so yaron. Hukuncin wannan a tambayi malamai, ni ban yi karatu ba. Abin da na sani, yaron da bai fito daga cikin matarka ba, kada ka zauna jiran zuciya ta motsa. Ɗauke shi ko yana kuka, gobe ma ka ɗauke shi.

Yarinyar tana koleji yanzu. Ta san wanda ya haife ta, sunansa ne a takardarta, duk hutu ni ke kai ta Gidimuni. Kwalin nan yana rataye a rumfa. Mahaifiyata kuwa ta tsufa sosai, amma ko jiya sai da ta aiko ta da kwano a rufe, ta ce ta kai wa wancan. Na buɗe, ƙanzo ne.