Kaset ɗin Inna a Ƙarƙashin Dek

Inna ba ta iya rubutu ba, don haka wasiƙarta kaset ce. Duk wanda zai taso daga Maraɗi zuwa New York sai ta ɗora masa ɗaya, a naɗe cikin tsumma. Takan zauna gaban rakoda ta yi ta zuba kamar ina tsugune a gabanta: wa ya haihu, wa ya rasu, akuyar wa ta yi ɓarna, sannan faɗa, don Inna ba ta rufe kaset ba tare da faɗa ba. Har carar zakaranta tana ciki. A shekarun da na yi ina kasa kaya a titin 125, guda talatin da ɗaya na tara. Bayan rasuwarta na kasa saurara. Na zuba su a adaka, na ce sai 'yata ta yi hankali mu zauna ta ji kakarta, tunda ba su taɓa ganin juna ba.

Da muka koma Port Richmond, gidan ya zo da wani dandamalin katako a baya, a ɗage bisa ginshiƙai, wanda mutanen nan ke kira dek. Ƙarƙashinsa mutum zai tsaya a miƙe. Ni kuwa ɗakin ajiya na hango. Matsalar ɗaya ce, tsakanin katakan akwai tsaga, in an yi ruwa sai ya tsiyaye ƙasa.

"Maigida, ka kira contractor mana," in ji matata. "Kowa da aikinsa."

"Ni da na rufa wa Inna ɗaki da hannuna? Rufi ai rufi ne."

Ina da taurin kai, ba a ƙasa na ɗauko shi ba. Na sayo kwanon roba na kafa a ƙarƙashin katakan, na ba shi gangare, na sa indararo a bakinsa. Na hau sama na sheƙa bokiti uku, ko ɗigo bai sauka ba. Aka yi ruwa sau biyu, wurin ƙamas. Na shigar da adaka, har da ɗora ta kan bulo saboda gara, a garin da ban taɓa ganin gara ba. Matata ta leƙa ta ce, "To, madalla," irin madallar da ba ta kai zuci ba.

A garinmu ruwa yana da lokacinsa. In damina ta wuce an gama zancen rufi sai baɗi. Da sanyi ya shigo na datse wurin da kwaɗo, hankalina kwance. Duk zamana a ƙasar nan a bene na yi shi, rufi ba nawa ba ne, ƙanƙara kuma abin sharewa ce daga gaban teburin kayana. Ban taɓa ɗaukarta ruwa ba. Ashe tana zaune a kan dek tana narkewa a hankali, tana daskarewa a cikin indararon har ta toshe shi. Ruwan da ya rasa hanya ya koma baya, ya bi jikin bango, ya yi ta ɗiga a kan murfin adaka wata da watanni.

Da bazara 'yar tawa ta zo hutu daga jami'a. Ita da kanta ta ce, "Baba, ina tapes ɗin nan? Ina so in ji."

Tun ina buɗe kwaɗon warin ya gaya mini. Tsatsa ta huda murfin, kaset ɗin suna kwance cikin jan ruwa. Na yi abin da kowa zai yi a gida in abu ya jiƙe, na jera su a kan dek na ba su rana kwana uku. Da na ja zaren guda ɗaya, sai launinsa ya biyo yatsana kamar toka.

Na kwashe su na kai wa wani mai gyaran tsofaffin faya-fayai. Ya juya su ya juya, ya girgiza kai. Ya ce da a jiƙe na kawo su, da wataƙila ya ceto wasu. Shanyar ce ta ƙarasa su. Wallahi ranar da aka bugo mini rasuwar Inna ban ji abin da na ji a shagon nan ba. Waccan Allah ne ya karɓi abinsa. Wannan kuwa ni ne, da hannuna, har sau biyu.

Matata ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Da la'asar 'yata ta same ni zaune a matakalar dek da ledar kaset a gabana. Ta zauna kusa da ni, ta lallaɓo Hausarta ta ce, "Ba komai, Baba. Kai ka yi mini yadda take magana."

Na gyara murya. Na san kalmomin sarai, na san inda take jan sallama da inda take tsayawa ta yi tari. Na buɗe baki, muryar wani tsohon ɗan kasuwa ce ta fito. Na sake gwadawa, na kasa kunne a cikin kaina ko zan jiyo ta, shiru. Yarinyar tana kallona tana jira.